Dagwalon Layin Tsamiya

Abu biyu Malam Sha'aibu Hedimasta yake taƙama da su a duniya, Turancinsa da kwatar layinsu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamare. Da ya yi ritaya mutanen Layin Tsamiya da ke Gyaɗi-Gyaɗi suka ɗora masa shugabancin ƙungiyar ci gaban layi, shi kuwa ya riƙe abin sai ka ce minista aka naɗa shi. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya yi aiki. Shi ya farfaɗo da gayyar yasar kwata bayan ta mutu shekara da shekaru. Duk shekara kafin damina ta kankama, ranar wata Asabar, maza su fito da shebur da manjagara da baro, mata su aiko da koko da ƙosai, a yashe kwatar tun daga bakin titi har kwalbatin da ke ƙarshen layi.

To, abin da aka yaso fa? Dagwalo ne baƙi ƙirin, mai warin da zai hana mutum cin abinci, cakuɗe da ledojin ruwa da robobi da tsummokara. A gefen kwata ake tara shi ya tsane, a jira tifa ta zo ta kwashe. Tifar nan wata shekarar ta zo, wata shekarar sai dai labari. Kuma akwai abin da kowa ya sani ba tare da an faɗa ba: ba a tara dagwalo a ƙofar babba. Wane mai kunya ne zai dubi Alhaji Inuwa, wanda ya gina masallacin layin, ya jibge masa ƙazanta a bakin gida? Haka ƙofar liman, haka ta mai unguwa, haka ta shi kansa Hedimasta. Sai a tura baro gaba kaɗan. Layin kuma gangare ne, manya suna sama, gidajen haya suna ƙasa. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara hakan, kunya ce kawai take tura baron har ya gangara.

A can ƙarshen gangaren, daf da bakin kwalbati, nan shagon ɗinkin Mama Ebube yake. 'Yar ƙabilar Ibo ce, shekararta ashirin da shida a layin, a nan mijinta ya rasu, a nan ta aurar da 'yarta. Hausa a bakinta, in ba ka kalle ta ba sai ka rantse haifaffiyar unguwar ce. Ranar Lahadi ta ci ado ta tafi coci, amma kakar cinikinta Sallah ce, don fiye da rabin matan layin ita take yi musu ɗinki, har da Hajiya Kulu matar Hedimasta da 'yan matansa biyu.

Ana nan sai ga wasiƙa. Wata 'yar layin da ke aikin jinya a asibitin koyarwa ta ɗora hotunan gayyar bara a intanet, wata ƙungiya ta gani, sai aka gayyaci shugaban layin zuwa Nairobi, taron ƙasa da ƙasa kan yadda al'umma za su rage ɓarnar ambaliya da gobara da sauran bala'o'i. Kwana huɗu za a yi, ya dawo saura kwana uku Babbar Sallah. Minti goma za a ba shi ya yi jawabi, kuma ana son ya zo da ɗan bidiyon aikinsu. Kai, ranar Malam Sha'aibu bai iya zama wuri ɗaya ba. Har mai shayin bakin titi sai da aka karanta masa wasiƙar nan, da Turanci, sannan aka fassara masa.

Saboda bidiyon ne gayyar bana ta fita daban. Hedimasta ya ce ba ya son kyamara ta ɗauko ko ɗigon dagwalo a gefen kwata, duniya ce za ta gani. Don haka maimakon 'yan tsibi-tsibi da aka saba bari daga tsakiyar layi zuwa ƙasa, sai aka kwashe kaf aka gangara da shi wuri ɗaya, bayan inda mai ɗaukar hoto ya tsaya. Kafin azahar layi ya yi fes, kwata kamar a zuba tuwo a ci. A ƙofar Mama Ebube kuwa tari ya kai ƙirjin mutum, tsakaninsa da bakin kwalbati taku uku.

Bayan la'asar Mama Ebube ta hauro har ƙofar gidan Hedimasta, abin awo rataye a wuyanta. Ta gaishe shi, ta yi masa sannu da aiki, ta taya shi murnar tafiya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malam, tarin nan in ruwa ya sauko kwalbati zai shige. Kayan Sallar mutane ne cike da shagona, amana ce."

Ya dafa ƙirji. "Mama Ebube, kafin in hau jirgi an kwashe shi. Ki riƙe ni da wannan maganar."

Kwana tara ya rage masa, kuma aikin bai fi ya je Unguwa Uku ya tsayar da mai tifa ba. Kwana tara fa, jama'a. Amma ga biza, ga katin rigakafi, ga jawabi da yake ta gogewa yana sake rubutawa, ga babbar riga da aka kai aiki ba a gama ba. Sau biyu yana wucewa ta gaban masu tifar a cikin adaidaita, ya ce bari sai a dawowa, a dawowar kuma magariba ta kawo kai. Mataimakinsa ya nemi ya bar masa aikin, ya ƙi, don ba ya son a ce wani ne ya ƙarasa abin da ya fara. Ya riƙa duban sama yana ce wa kansa ai ruwan bai zauna ba tukuna, yayyafi ne kawai. Ranar tafiya, da mota ta zo ɗaukarsa, ya ce wa direba su fita ta saman layi, wai ya fi kusa. Ƙarya ce, ta ƙasa ya fi kusa. Tarin ne ba ya son gani, da mai shagon.

Taron kuwa ya amsa sunansa. Ya zaci farfesoshi kawai zai tarar, sai ga masunta, ga shugabannin kasuwa, ga limamai da fastoci, ga magadan gari, ga ma'aikatan kashe gobara, kowa da katin suna a wuya da abin jin fassara a kunne. Wani kurma daga Nepal ya yi bayani da hannu, ana fassarawa, cewa jiniyar gargaɗi da aka kafa a garinsu ba shi aka kafa wa ba, don da ruwa ya zo sai da ya ji sanyinsa a ƙafa sannan ya sani. Wasu mutanen bakin kogi daga Mozambik suka nuna yadda suke shafa wa turaku fenti kala uku, in ruwa ya taɓa ja kowa ya san tashi za a yi. Malam Sha'aibu ya cika littafinsa da rubutu. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda mutane ke tsayawa a gaban duniya su faɗi inda suka yi kuskure, har da adadin gidajen da kuskuren ya ci, kuma a tafa musu.

A rana ta uku, ana hutun shan shayi da yamma, wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Kulu ce ta turo bidiyo. Ya buɗe da murmushinsa, kofi a hannu.

Ruwa aka yi bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya, awa biyu bai tsagaita ba. Saman layi lafiya lau, kwata tana gudu abin sha'awa. Sai wayar ta juyo ƙasa. Babu tarin. Ya narke ya shige kwalbati ya toshe shi ruf, ruwan layin gaba ɗaya ya taru a gangaren ya rasa hanya. Baƙin ruwa ya kai cinyar masu tsayuwa, ƙofar shagon a wangale, atamfa da leshi suna yawo a sama tare da ledoji. Muryar Kulu tana ta salati, tana cewa Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma shagon Mama Ebube ya tashi aiki.

Ya ajiye kofin a kan tebur. Lambar Mama Ebube tana cikin wayarsa, ya nemo ta, ya zuba wa sunan ido, ya kasa dannawa. Me zai ce mata? Sannu? Kunya ta rufe shi a tsakiyar mutanen da ba wanda ya san abin da ya yi.

Washegari da safe shi ne da jawabi. Bayan sallar asuba ya zauna ya yanke shawara, kuma wallahi da gaske yake: zai faɗa. Ya rubuta jimla uku a ƙasan takardarsa, cewa sun yashe kwata sun bar abin da suka yaso a ƙofar mai rauni, jiya ruwa ya mayar da shi, kuma laifinsa ne. Ya karanta su a gaban madubi har sau biyar. Ya ce a ƙarshe zai faɗa, bayan bidiyo.

Sai dai bidiyon ya yi kyau, wannan ita ce masifar. Matasa cikin kwata suna waƙa, dattawa riƙe da shebur, mata da bokitan koko, sannan layi fes. Ɗaki ya ɗauki tafi. Turancin Hedimasta ya sami fili, ya yi ta zuba, ya bayyana musu gayya, ya ce abin da gwamnati ba ta kai gare shi ba maƙwabtaka tana kaiwa. Yana ɗaga kai ya ga mai kula da lokaci ta ɗaga kati, saura minti ɗaya. Idonsa ya sauka kan jimlolin nan uku. Ya dube su, ya dubi fuskokin da ke masa murmushi, ya naɗe takardar ya yi godiya.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce shiru kawai ya yi. Amma aka ba da damar tambaya, sai wata 'yar tsohuwa daga Filifin ta miƙe, gajera, shugabar matan wata kasuwa da ruwa ke ci duk shekara. Ta yaba aikin, sannan ta ce su ma suna yasar kwata, amma abu ɗaya ya gagare su.

"Ina kuke kai abin da kuka yaso?"

Biro yana hannunta, littafi a buɗe. Ga ƙofa Allah ya buɗe masa har gida. Malam Sha'aibu ya gyara makirufo, ya ji bakinsa yana cewa, "Muna da tsari da masu tifa. A ranar ake kwashewa, ba ya kwana."

Ta rubuta. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, ganin kanta a sunkuye tana rubuta ƙaryarsa da kyau don ta kai wa matan kasuwarsu. Da aka tashi ma sai da ta biyo shi, tana son jin yadda suka shawo kan direbobin, shi kuma ya ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, don wadda ya yi ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Aka ɗauke su hoto tare. Abincin rana bai ci ba.

Ya sauka Kano da fargabar abin da zai tarar, sai ya tarar da abin da ya fi zagi ciwo: ba wanda ya ce masa komai a kan tarin. A masallaci aka yi ta riƙe hannunsa ana sannu da zuwa, ana cewa ya fitar da layi kunya. Alhaji Inuwa ya ce ƙaddara ce, ruwan bana ne ya zo da ƙarfi, wa ya isa ya tare ikon Allah? Kowa ya gyaɗa kai, don kowa ya tura baron nan ko ya ga ana turawa. Matasa sun riga sun fasa toshewar kwalbatin, ruwa ya janye, ya bar baƙin zane a bangon gidajen ƙasa.

A gida Kulu tana zuba masa abinci tana ba shi labari. Ta ce ai sun kalle shi kai tsaye a waya. A ƙofar shagon suke ranar, su kusan goma, suna taya Mama Ebube wanke abin da zai wanku, ko da yake yawanci ya riga ya lalace, dagwalo ya kama leshi ba ya fita. Wasu matan ma faɗa suka zo yi, har da mai cewa a fito mata da atamfarta yadda ta kawo. Da lokacin jawabin ya yi aka jingina wayar a kan benci, da yake Turancin ya yi musu sauri sai Mama Ebube ta riƙa fassara musu.

Ya tsayar da cokali. Ya tambaye ta, a hankali, me Mama Ebube ta ce ya amsa wa tsohuwar nan.

"Cewa ta yi ka gaya musu tifa ce matsalarmu, mun yi iya ƙoƙarinmu amma kwashewar tana gagararmu. Har na ce ka kyauta da ka faɗi gaskiya a gaban Turawa."

Ya ture kwanon ya miƙe. Kulu tana tambayar lafiya, ya zura takalmi ya gangara.

Ya sami Mama Ebube a zaune a kan benci tana goge kan keken ɗinki da tsumma da mai, tsatsa ta riga ta fara cin sa. Shagon wayam, sai wari da laka a kusurwa. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambaye shi ya ya baro mutanen can, kamar ba abin da ya faru. Shi da ya tsaya gaban mutum ɗari biyar bai yi in'ina ba, a nan harshensa ya sarƙe. Da ƙyar ya ce ya zo neman gafara ne, alkawari ya yi mata bai cika ba, kuma abin da ya faɗa a can ba shi ta gaya wa mata ba.

"Na ji abin da ka faɗa, Malam. Turancina bai kai naka ba, amma na ji."

"To me ya sa?"

"Matarka tana zaune a wurin, da 'ya'yanka. Ba don kai na yi ba."

Ta ci gaba da goge keken. Ta ce 'yarta ta bugo daga Inugu tana kuka, ta ce ta tattara ta koma wurinta, kuma tana tunanin hakan, don ba ta san da wane ido za ta sake karɓar yadin wata a layin nan ba. Sannan ta miƙe ta shiga ɗakinta da ke bayan shagon, ta fito da ƙullin kaya a cikin zani, a bushe, a goge. Ɗinkin Kulu ne da na 'yan matan. Ta ce da ruwa ya shigo abu ɗaya kawai za ta iya ɗauka a ka ta fita, sai ta ce mutum yana can yana wakiltar layi, bai kamata ya dawo ya tarar da iyalinsa ba kayan Sallah ba.

"Wannan kafin in ji jawabin ne," in ji ta, ta miƙa masa.

Da hannu biyu ya karɓa. Ya hau gangaren nan rungume da ƙullin, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana biyu yana neman hanyar da zai hana a sa kayan, ya rasa. Kulu murna take, tana ta sa wa matar albarka. Sai da safiyar Sallah, 'yan matan sun gama shiri suna tsakar gida, ita kuma tana gaban madubi tana ɗaura ɗankwali, ya turo ƙofa ya gaya mata komai, tun daga alkawarin har tsohuwar da littafinta. Ya roƙe ta su cire, su sa na bara kamar sauran mata.

A cikin madubin take kallonsa, irin kallon da bai taɓa gani a idonta ba cikin shekara talatin. Ta ƙarasa ɗaurinta tsaf, ta ɗauki mayafi.

"Matar da ta ɗauko shi a ka cikin ruwa, ni zan cire in ajiye? Sa shi za mu yi. Kuma ta ƙasan layi za mu bi, kai ne a gaba."

Haka aka yi. Hedimasta a gaba, iyalinsa a baya cikin sabon leshi ruwan zuma da ke ɗaukar ido, su kaɗai a layin. Mata suna fitowa daga gidaje cikin kayan bara, wasu an sake musu guga, wasu yaran rigar ta ɗage musu. Kowace ta tsaya ta ce masha Allah, ɗinki ya yi kyau, ashe naku ya tsira. Shi ne yake amsawa, don Kulu ta ƙi buɗe baki. Tun suna daidai ƙofar gidan liman gumi ya jiƙa masa hula.

Mama Ebube tana kan bencinta a ƙofar shago. Ta yi musu barka da Sallah, ta yafito ƙaramar 'yar, ta juya ta, ta ja kafaɗar rigar ta daidaita, ta ciro wani zare da ya leƙo ta gatsa da haƙori. Ta ce hannun ya ɗan yi tsawo, a kawo mata bayan Sallah ta rage, in tana nan. Malam Sha'aibu yana tsaye a daidai inda tarin ya zauna, kansa a ƙasa, har ta gama.